Daga Salaga Zuwa Magazin Neman Inji

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da tsohuwar mota a arewacin ƙasar nan ya san akwai ranar da bakanikensa na gida zai goge hannu da tsumma, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan kam sai Magazin." Magazin ɗin da yake nufi unguwa ce a Suame, arewa da tsakiyar birnin Kumasi, inda dubban makanikai, maƙera, masu walda da 'yan kasuwar kayan mota suka taru wuri guda. Da yawa daga cikin masu karatu sun ji sunanta, wasu ma suna da ɗa ko ƙane da ke koyon sana'a a can. Mu dai sai a watan Afrilu na bana muka yi kwana tara a cikinta, kuma abin da muka gani shi ne muke so mu ba ku labari.

Motar da ta kai mu ta ƙungiyar manoman garinmu ce, a-kori-kura ce Toyota Land Cruiser ƙirar 1986, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja. Ita ke kwaso doya daga gonakin da babbar mota ba ta iya shiga. Ita ke kai mai naƙuda asibitin Salaga da tsakar dare idan haihuwa ta yi gardama, kuma ita ke kai 'yan makarantarmu wurin jarrabawa idan ruwa ya ɓata hanya. Injinta na asali, wanda makanikai ke kira 2H, mai silinda shida ne, yana shan dizal, girmansa ya kusa lita 4. An riga an sāke masa ringi da fistin sau biyu. A ƙarshe sai kansa ya tsage, ruwa ya fara haɗuwa da baƙin mai, har man ya koma kalar kunun gyaɗa. 'Yan ƙungiya suka yi karo-karo daga kuɗin doyar bara, suka wakilta mu uku: direba, ma'aji, da mu masu riƙe da littafin lissafi. Sharaɗi ɗaya dattawa suka kafa, watau mota ta dawo kafin damina ta kankama. Kuɗin kuwa idan ya salwanta babu wani a bayansa.

Muka bi ta Makango a hankali, da jarkar ruwa biyu da galan ɗin baƙin mai a baya. A nan ake jiran jirgin fito da ke ƙetare da motoci zuwa Yeji. Kafin a gama dam ɗin Akosombo a 1965 kogi ne kawai a wurin, amma yanzu tafkin Volta ya yi faɗi har sai mutum ya ƙura ido kafin ya hango ɗaya gaɓar. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da goron Asante ke bi ya iso kasuwar Salaga, fataken ƙasar Hausa su ɗora wa jakuna su yi arewa da shi. Kakanninmu goro ya kawo su Gwanja, ga mu jikokinsu mun nufi kudu neman ƙarfe. Daga Yeji zuwa Kumasi ya haura kilomita 200, ta Atebubu da Ejura da Mampong, kuma duk bayan ɗan lokaci sai mu tsaya a ƙara wa lagireto ruwa. Gangaren dutsen Mampong ne kaɗai inda motar ta yi sauri, shi ma ba don ƙarfin inji ba.

Mutum yakan ji Magazin kafin ya gan ta. Ƙarar guduma a kan ƙarfe, kukan injin yanka, injunan da ake tayarwa a gwada, duk a lokaci guda. Ƙasar wurin baƙa ce ƙirin saboda baƙin man da aka shekara da shekaru ana zubarwa. Babu ƙofar shiga, babu allo mai nuna hanya. Lunguna ne suka sarƙe da juna, kowane lungu da abin da ya fi shahara da shi: nan giya tsibi-tsibi, can sifirin, gaba kaɗan ƙofofin mota an jingine su kamar allunan makarantar allo. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum wajen 200,000 ke cin abinci a wurin. Sunan kuwa ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka, wadda Turawa ke kira da wannan suna. A kusa da ita ne masu gyaran mota suka fara taruwa a shekarun 1930, da aka tashe su zuwa Suame sai sunan ya bi su.

Tsofaffin wurin sukan ce lokacin da Magazin ta zama Magazin shi ne ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, sa'ad da kuɗin waje ya yi wa Gana ƙaranci, sabon kayan gyara ya ɓace daga shaguna. Abin da ba a iya saye dole a ƙera shi, ko a ɗauko na wata mota a sassaƙa shi har ya shiga. A 1980 ne jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin Magazin domin koya wa masu sana'a aiki da injunan sassaƙa ƙarfe da narka shi. Bayan sauyin tattalin arziki na 1983 kayan gwanjo suka fara kwararowa ta tashar Tema, amma hannun da ya saba haɗa abin da bai dace ba har ya dace bai manta ba. A 2013 ma masu sana'ar wurin, tare da wasu baƙi daga Holan, sun haɗa mota sukutum daga kayan da ke cikin Magazin, suka sa mata sunan kunkuru.

Harshen wurin Tonanci ne, watau Twi, amma da Hausa za ka yi ciniki ka ci abinci ka nemi hanya, domin yaran arewa da na zango suna da yawa. Wani dattijo a Aboabo, inda muka sauka, shi ya haɗa mu da bakaniken da ya yi mana aikin, mutum mai kimanin shekara sittin wanda kowa ke kira Masta. Garejinsa rumfar kwano ce da benci ɗaya, sai akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu inda sifanu ke kwana. Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon mai ya duba, ya murza man a tsakanin yatsunsa.

"Ticha, wannan ya gama aikinsa," in ji shi. "Ku gode masa, ku sallame shi."

Daga nan gardama ta tashi a tsakaninmu. Ma'aji yana so a nemo wani 2H ɗin, domin zai zauna a mazaunin na dā ba tare da yanka ko walda ba, kuma kuɗin aiki zai yi sauƙi. Masta ya ce gaskiya ne, amma duk 2H ɗin da za a samu yau sa'an wanda ya mutu ne, tunda tun wajen 1990 Toyota ta maye gurbinsa da wani mai suna 1HZ. Shi ma silinda shida ne, lita 4.2, ya ɗan fi ƙarfi, kuma an shafe shekaru masu yawa ana ƙera shi, saboda haka kayansa suna nan a Tamale ma, ba sai an zo Kumasi ko Abossey Okai ta Ankara ba. Illarsa ita ce ba a ƙera motarmu domin shi ba. Mun kwana a kan maganar, da safe muka bi shawarar Masta, kuma a ganinmu ita ce daidai: gara a sha wahalar haɗawa sau ɗaya da a sayi tsoho a maye gurbin tsoho.

Sayen injin shi ne inda cikin mutum ke ɗurar ruwa. Irin waɗannan injuna, da ake kira hom-yus a nan ƙasar, yawancinsu daga Japan suke fitowa. Dokar duba lafiyar mota a can tana da tsada ga tsohuwar mota, sa'an nan dokokin hayaƙi, kamar wadda birnin Tokiyo ya fara aiki da ita a 2003, sun kori tsofaffin motocin dizal da yawa daga kan titi tun suna da sauran ƙarfi. Sai a yanka motar, a ciro inji, a cusa cikin kwantena. Amma injin da ke zaune a kan taya a gaban shago ba ya ɗauke da agogon da zai gaya maka kilomita nawa ya ci. Wani ma bai taɓa ganin Japan ba tun ƙuruciyarsa. A nan ya tsufa, aka wanke shi aka kawo.

Na farko da aka nuna mana yana ƙyalli, an fesa masa fenti har kan notuna. Ma'aji ya yi murmushi. Masta bai ko taɓa shi ba, ya ce mu wuce. A hanya ya ce, "Inji mai lafiya ba ya bukatar kwalliya. Ƙura da tsohon maiƙo nake nema, su ke nuna mini ba a buɗe shi ba." Na biyu ya fi araha, kuma 1HZ ne na gaske, sai dai daga cikin bas Coaster aka ciro shi. Masta ya tsuguna ya nuna mana kaskon man da ke ƙarƙashinsa. A mota mai jan ƙafa huɗu akwai aksul mai tulu a gaba, daidai ƙarƙashin inji, kuma idan siffar kaskon ba ta ba shi wuri ba, ranar da motar ta faɗa rami da kaya sai tulun ya daki kaskon, man ya tsiyaye a daji. Ana iya sauya kaskon da bututun da ke zuƙo man, amma idan aka haɗa kuɗin sai arahar ta gudu.

Na uku daga Land Cruiser ya fito, da giyarsa a manne. A nan muka ga yadda ake jarraba inji a ƙasa. Aka kawo batura, aka tsoma tiyo cikin galan ɗin dizal, yara biyu suka riƙe shi kada ya yi tsalle. Kafin a tayar, Masta ya ɗora tafin hannu a kansa ya tabbatar da sanyi yake, domin mai wayo yakan ɗumama inji tun da asuba don ya tashi da wuri a gaban mai saye. Bugu ɗaya ya kama. Masta ya cire murfin da ake zuba mai ya ɗora shi sako-sako a bakin ramin; da ringi sun cinye, iskar da ke tserewa daga silinda za ta riƙa cilla murfin sama, amma sai ya zauna yana ɗan rawa kawai. Ya dubi hayaƙi. Shuɗi, in ji shi, inji na ƙona baƙin mai. Fari mai ɗorewa, ko ruwa na shiga ko dizal ba ya ƙonewa. Baƙi kaɗan idan an taka totur ba laifi ba ne. Ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ƙotar a kunnensa, kamar likita da abin sauraron ƙirji. Ba a bar shi ya daɗe ba tunda babu ruwa a cikinsa. Da aka kashe, Masta ya ce, "Ticha, ku yi ciniki." Cinikin ya ci rabin yini. Muka dage sai da mai shago ya rubuta lambar injin a kan rasit, ya kuma yarda da kwana bakwai na gwaji.

Ciro tsohon bai ɗauki lokaci ba. Bututun ƙarfe uku aka kafa kamar murhu, aka rataya sarƙa mai ƙugiya a tsakiya, yara suka ja. Shigar da sabon ne ya ci kwana huɗu, kuma a nan muka fahimci abin da ya sa ake cewa sai Magazin. Masta shi kaɗai ba zai iya ba, kuma bai yi da'awar zai iya ba. Abin da yake da shi shi ne sanin wanda ya iya kowane abu, kuma dukkansu suna nan inda yaro zai ruga da ƙafa ya kira su.

Dalilin da ya sa ya nace a sayi injin da giyarsa shi ne, ko da yake giyar tsohuwar da ta sabuwar dangi ɗaya ne, kaskon da ke rufe kuloci da sandar da ke shiga cikinsa ba iri ɗaya ba ne. Ya fara daidaita giyar a mazauninta don kada farfelar gaba da ta baya su gaza ko su yi tsawo, sa'an nan aka sauko da injin a hankali yana lilo a sarƙa. Ƙafafun da tsohon ke zama a kansu ba su zo daidai ba. Mai walda ya zo ya yanke su daga jikin shasi, ya yanko sababbi daga farantin ƙarfe mai kauri, ya ɗan ɗiga musu wuta don su tsaya. Aka sauke injin, aka auna, aka ɗaga, aka gyara, aka sāke saukewa, har sau uku kafin Masta ya yarda a yi waldar ƙarshe. Awonsa kuwa da yatsu ne: yatsu kaza tsakanin fanka da lagireto, yatsu kaza tsakanin kasko da aksul, da la'akari da cewa sifirin zai lotsa idan an yi lodi. Mai lagireto ya narke bakin tiyo ya mayar da shi inda sabon injin ke so. Mai salansa ya lanƙwasa sabon bututu. Wani ƙaramin ƙarfe da ya ƙi shiga aka kai wa mai injin sassaƙa, kafin mu gama shan koko ya dawo daidai.

Sai maganar wuta. Motarmu batir mai bolt 12 take amfani da shi, wannan injin kuwa, kamar yawancin irinsa da aka yi wa kasuwar Japan, na bolt 24 ne. Dole aka sauya kik, da altaneta, da fulogan da ke ɗumama silinda da safe, da ɗan makunnin da ke datse dizal idan an kashe mota. Tsohon injin wani ɗan mota ne mai sanda ke kashe shi, sabon kuwa waya ɗaya ta ishe shi. Mai wayarin yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba. Bai rubuta kome ba, bai sa wa ko waya ɗaya alama ba, da ƙwan fitila mai wutsiya biyu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka tambaye shi inda ya tsaya a makaranta, ya ce aji biyu na ƙaramar sakandare. Mu da muka shekara ashirin muna koyar da darasin lantarki a kan allo da alli, sai muka yi shiru muna kallo.

Akwai abu uku da Masta ya sa aka saya sababbi ful, ma'aji yana ta gunaguni: farantin kuloci, da robar da ke hana mai yoyo a bayan karanshaf, da bel ɗin taimin. Biyun farko dalilinsu a fili yake, domin idan suka lalace daga baya sai an sāke raba inji da giya. Na ukun ya fi muhimmanci. Tsohon 2H haƙoran ƙarfe ne ke juya masa sandar bawul, babu abin da zai tsinke. Shi 1HZ bel ne na roba mai haƙora, wanda ake sauyawa duk kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke inji na gudu, fistin zai yi karo da bawul, kuɗin doyar shekara guda ya tafi cikin ƙiftawar ido. Direbanmu bai taɓa riƙe mota mai irin wannan bel ba, don haka Masta ya zaunar da shi a benci ya maimaita masa har sau biyu.

Ba duk abin da muka gani ne ya faranta mana rai ba. Baƙin man da aka tsiyaye daga tsohon injinmu a ƙasa aka zubar da rabinsa, kuma ruwan sama na farko zai kwashe shi zuwa rafukan da ke ratsa unguwannin mutane. Mun ga yara suna walda da tabarau na kasuwa, wasu ma da runtse ido kawai. Yaro yakan yi shekara uku zuwa biyar a hannun maigida, wani lokaci fiye, ba albashi sai ɗan kuɗin abinci. Sa'an nan akwai abin da Masta da kansa ya faɗa: injin da muka saya kunne da hannu sun isa su gane ciwonsa, amma sababbin motoci, irin Hilux ɗin da aka fara harhaɗawa a Tema a 2021, kwamfuta ke raba musu mai, kuma sai an jona na'ura an karanta abin da ta rubuta da Turanci. Ya ce yaransa biyu da suka gama sakandare kafin su zo, su yake turawa idan irin waɗannan motoci suka shigo. Iyayen zango da ke cire yaro daga aji don a kai shi Magazin da wuri, ya kamata su ji wannan daga bakin bakanike, tunda daga bakin malamin makaranta sun gaji da ji.

Ran kwana na bakwai aka zuba mai da ruwa. Yaro ya yi ta danna ɗan famfon da ke kan matatar dizal har iska ta fita daga bututu, domin injin dizal ba ya tashi da iska a hanyar mai. Direba ya murza makulli. Ya yi tari sau biyu, ya kama, ya zauna da wata murya mai laushi wadda ba mu saba ji daga motar nan ba. Masta bai yi murna ba tukuna. Ya sa a taka burki, ya ga ya yi tauri kamar dutse. Injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da ke taimaka wa burki sai da famfo na musamman. A tsohon, famfon yana bayan altaneta, a sabon kuwa yana jikin injin ta gaba, kuma tiyon bai kai ba. Aka nemo mai tsawo aka jona, burki ya yi laushi. Da an fita haka, da gangaren farko ya ba da labari.

Kwana na takwas ya tafi a kan takardu. Lambar injin da ke cikin takardun mota ta tsohon ce, kuma motar da lambarta ta saɓa da takardarta tana iya jawo wa direba tambayoyi a shingen hanya. Muka kai rasit da takardun ofishin lasin domin a shigar da sabuwar lamba. Tsohon injin kuwa ba a bar shi ya tafi a banza ba. Wani ya sayi famfonsa, wani ya sayi karanshaf, gangar jikin aka auna a sikeli aka sayar wa masu narka ƙarfe, waɗanda ke zuba faranten injin niƙa. Kuɗin ya biya mai walda da mai salansa, har ma'aji ya saki fuska.

Muka taso da asuba ran na tara, da buhunan siminti goma na wani ɗan ƙungiya a baya, domin Masta ya ce gwajin da babu kaya ba gwaji ba ne. Bayan Jamasi hanya ta fara hawan dutsen Mampong, kwana bayan kwana. Babu mai magana a cikin mota, idon kowa na kan allurar zafi. Ta hau zuwa ƙasa da rabi kaɗan ta tsaya a nan, motar kuwa ta haye da giya ta uku. A Ejura muka tsaya, direba ya shiga ƙarƙashi da sifana ya bi notunan ƙafafun inji kamar yadda aka umarce shi, ya sami ɗaya ya ɗan saki, ya ɗaure. A Makango, wajen fita daga jirgi, gaɓar ta yi laka saboda ruwan da aka yi da dare, wata bas ta kafe a gabanmu. Direba ya sauka ya murza makullan ƙafafun gaba, ya ja ƙaramar giya, muka fita, sa'an nan muka ɗaura wa bas ɗin igiya muka jawo ta.

A cikin bonet, ta ɓangaren direba, Masta ya sa an rubuta da farin fenti lambar da agogon kilomita ke nunawa ranar da aka sa bel, da lambar da za a sauya shi. Mun kwafe su duka biyu a shafin farko na littafin ƙungiya, kuma a taron da aka yi bayan dawowarmu an amince a riƙa ware wani abu daga kuɗin kowane lodi domin wannan bel ɗin da baƙin mai.